Ajiyar Dakta Kefas

Ban taɓa kurɓa ba, gara in faɗa tun farko.
Sana'ata haƙa ce: rijiya, masai, wani lokacin kabari.
Amma ramin da na fi daɗewa ina gadi
kamu uku ne kacal,
a ƙuryar wani ɗakin ƙasa a Wusasa.

Shekarar da aka haifa masa Tabita
Dakta Kefas ya dawo daga Ostireliya
da digiri kan ƙasar noma, da tari,
da kwalba ɗaya naɗe cikin rigar sanyi kamar jinjiri.
Ya ce, Sallau, wannan ba ta son haske,
ba ta son jijjiga, ba ta son bazarar Zariya,
ni kuwa ba zan ba wutar lantarkinmu amanarta ba.
Haƙa mini inda ƙasa ke ɓoye sanyinta.

Na binne randa har wuya,
na kewaye ta da yashin Kubanni,
muka kwantar da kwalbar kan haƙarƙarinta
don kada toshiyar ta bushe.
Shiraz, in ji takardar.
Na ce malaminmu na Tudun Jukun ya ce gari ne a Farisa.
Ya yi dariya har tarin ya taso:
nan sunan inabi ne, baƙi, mai kaurin fata.
Ka sha shi yanzu, ya ɗaure maka harshe kamar ɗanyar kanya.
Ba shi shekara ashirin da biyar ya koyi ladabi.

Na ce giya ce dai.
Ya ce giya ce dai.
Ba sha na ce ka yi ba, yashi za ka riƙa jiƙawa.

To, duk Asabar, buta biyu.
Tabita ta yi rarrafe a kan murfin,
ta yi haƙori, ta zubar, ta tafi Samaru karatun likitan dabbobi.
Gara ta cinye rabin takardar.
Shekarar da gari ya rikice aka hana fita
na bi ta bayan gonakin rake da butata,
soja ya ce ina zuwa,
na ce ban-ruwa,
ya duba ni, bai ga shuka a fuskata ba, ya bar ni.

A shekara ta goma sha tara tarin ya yi nasara.
Wancan ramin ma ni na haƙa.
Na so in daina zuwa.
Asabar ta yi, ƙafata ba ta tambaye ni ba.

Jiya Tabita ta zo da mijinta Habila,
da wani ƙarfe mai murɗiya.
Toshiyar ta fito a hankali, da ɗan nishi,
irin na tsoho in zai tashi daga tabarma.
A kofin gilashi, tsakiya baƙi-baƙi kamar zoɓon da ya kwana,
baki-baki kuwa jan bulo.
Ban matsa ba, ƙamshin ne ya tako:
ɗinya nunanniya, masoro,
jakar fata da ta daɗe a rataye,
da ƙasa ranar ruwan fari.

Tabita ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta daɗe.
Na ce ya koyi ladabin?
Ta ce, Baba Sallau, laushi kamar ba shi ba,
sai can ƙarshe yake yi wa mutum gardama.
Na ce to, ubanki ne.

Aka zuba mini kunun aya.
Muka sha, kowa da kofinsa, ba wanda ya yi jawabi.

Yau Asabar.
Na cika buta kafin in tuna.
Randar na nan, yashin da sauran danshi.
Habila ya ce a cike ramin,
na ce a bari tukuna,
ina da irin albasa da ke neman wuri mai sanyi.